Kafin a Shafa Fenti, a Dubi Takarda

Makon jiya saƙon ɗan baffana ya iso mani daga Abijan, ɗauke da labari biyu. Na farko, ya fara gyaran gidansa na unguwar Abobo: ya cire tsohon kwano ya sa sabo, ya ƙara ɗaki biyu, yana jiran magini ya shimfiɗa karo a tsakar gida. Na biyu, maiɗakinsa da yara huɗu sun sauka lafiya bayan hutun da suka yi a Tawa, sun gaisa da kakanni, sun koma da kilishi da cuku. Na taya shi murna, sannan na tambaye shi wace takarda yake riƙe da ita ta filin da ya zuba wa miliyan huɗu na sefa. Ya ce takardar shaida ce da wani maigari ya sa wa hannu shekara ashirin da suka wuce. Tun lokacin hankalina bai kwanta ba.

Ba ni da bakin ce masa kada ya gyara. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mutumin da ya yi shekara ashirin da shida a Kurmi, ƴaƴansa can aka haife su, can suke lakkwal, ba za a ce ya kwana ruwa na zuba masa ba don jiran ranar komawa gida. Kuma kowa ya san buhun hatsin da ake saye a Adar lokacin da rumbu ya ƙare, sau da yawa gumin ƴan Kurmi ne. Amma ƙauna ba ta hana faɗin gaskiya, tarihi kuwa ya sha yi mana gargaɗi.

A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Busiya ta Gana ta bai wa baƙi marasa takardun zama kwana 14 su fice. Mutanen da suka tsufa a zangon Kumasi suka sayar da gidajensu da arhar banza, wasu suka bar su haka nan. A Janairun 1983 gwamnatin Shehu Shagari ta yi irin wannan kora a Najeriya, ƴan Nijar na cikin waɗanda ta shafa. A Kwaddibuwa kanta, dokar 1998 ta hana wanda ba ɗan ƙasa ba mallakar filin karkara, kuma bayan tawayen Satumban 2002 an ƙona unguwannin talakawa na Abijan inda baƙi suka fi yawa. A 2011 ƴan uwanmu sun ƙetaro hamada daga Libiya da rigar jikinsu. A 2024 motocin rusau sun bi ta kan Gesko da Boribana, ba su tambayi kowa nawa ya kashe wa rufinsa ba. In gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Abin lura shi ne, duk lokacin da irin wannan ta faru, wanda ya fi jin jiki shi ne mai gini babu takarda. Tun 2013, takardar da ke tabbatar da mallakar fili a biranen Kwaddibuwa ita ce wadda ake kira ACD, wadda hukuma ke bayarwa. Takardar maigari ita kaɗai ba ta tabbatar da mallaka. Wanda ya sayi karo da fenti kafin ya nemi ACD, ya ɗaura wa doki sirdi alhali bai gama cinikinsa ba.

Labarin tafiyar iyali ma ya daina zama ƙaramin labari. Yarjejeniyar CEDEAO ta 1979 ita ta bai wa ɗan Tawa damar shiga Abijan ba tare da biza ba. Ƙasarmu ta fice daga ƙungiyar a Janairun 2025. Da aka rufe gadar da ke tsakanin Gaya da Malanbil a 2023, matafiya sun koma ƙetare kogi cikin kwalekwale, da tsofaffi da mata masu goyo. Ko mutum yana goyon bayan ficewar ko yana adawa da ita, tambaya ɗaya tana nan: wace doka ce za ta kare gida da shago da zaman ɗan Nijar a waje, ranar da wata gwamnati ta wayi gari da wata sabuwar shawara?

Nan ne laifin namu yake. Me ya sa ɗan baffana bai gina a Tawa ba? Ya gwada. Sau biyu yana aiko kuɗin siminti, sau biyu suna narkewa cikin buki da suna. Filin da ya saya, daga baya ya tarar an sayar wa wani shi. Ba shi kaɗai ba ne. Kotunanmu sun san yawan shari'o'in fili ɗaya mai masu biyu. Muna ce wa ɗan cirani kowa ya bar gida, gida ya bar shi, amma idan ya juyo da dukiyarsa mu ne farkon masu cinye ta. Kujeru 5 da aka ware wa ƴan Nijar mazauna waje tun zaɓen 2016 sun tafi tare da majalisar da aka rusa bayan juyin mulkin Yulin 2023, kuma ko lokacin da suke nan ba su magance wannan ba.

Don haka kirana uku ne. Ga mahukuntan Yamai: su ƙulla yarjejeniya a rubuce da kowace ƙasa da mutanenmu suke da yawa, kan zama da mallaka da zirga-zirga, kuma ofisoshin jakadancinmu su sami masanin doka da talaka zai iya gani ba tare da kamun ƙafa ba. Ga magadan gari: su tsare rajistar filaye yadda wanda ke Abijan zai saya hankali kwance, wanda ya sayar da fili sau biyu kuma ya gamu da alƙali. Ga dangi: kuɗin gini amana ne, ba gudummawar buki ba.

Ɗan baffana kuwa, na ce masa ya dakatar da magini, ya kai kuɗin karon wajen neman takarda. Tsakar gida za ta iya jiran baɗi. Ya yi shiru, sannan ya ce zai yi shawara da maiɗakinsa. Allah ya sa su ji.