MADATSAR KAINJI: TSOHON GINI, BABBAR AMANA

Haƙiƙa, ba mu cika tunawa da madatsar ruwa ta Kainji ba sai an ɗauke wuta. Alhali kuwa akwai abin da ya fi duhu girma a cikin al'amarinta, wato rayukan bayin Allah da ke zaune a gaɓar Kogin Kwara.

An fara ginin madatsar a 1964, aka kammala a 1968. Tsayinta mita 65 ne. An yi tsakiyarta da kankare, inda ɗakin injuna da ƙofofin sakin ruwa suke, sa'an nan aka tare ɓangarorin biyu da ganuwar duwatsu da ƙasa. An tanadi gurbin injuna 12 domin samar da megawat 960, amma takwas kacal aka girka a wancan zamani, masu ba da megawat 760. Tafkin da ya taru a bayanta ya kai tsawon kilomita 135, kuma shi ne ya haɗiye tsohon garin Bussa. Sama da mutum 40,000 aka tayar daga gidajensu da gonakinsu da maƙabartun iyayensu. Da wannan sadaukarwa tasu muka sami haske.

Ya kamata mu fahimci yadda ruwan yake zuwa. Sau biyu kogin yake kawo cika a shekara. Akwai farin ruwa, na daminar ƙasarmu, wanda kan iso daga Agusta zuwa Oktoba. Akwai kuma baƙin ruwa, wanda kan taso daga tsaunukan Gini, ya ratsa Mali da Nijar, ya iso cikin hunturu. Mai lantarki yana son tafki a cike. Mai tsaron madatsa kuwa yana son a bar wa ruwa mai zuwa wuri. Idan aka fifita na farko, aka jinkirta sakin ruwa har tafki ya tumbatsa, to, tilas a buɗe ƙofofi gaba ɗaya, ruwan ya gangara Jebba, ya faɗa wa gonakin shinkafar Nupawa. Mutanen jihohin Neja da Kwara da Kogi sun ɗanɗana wannan ba sau ɗaya ba.

Ba muna cewa Kainji ta kusa rushewa ba ne. Abin da muke cewa shi ne, ginin da ya haura shekara 55 yana buƙatar ido. Mun ga Bagauda ta ɓalle a Kano a 1988. Mun ga Alau ta ci Maiduguri a Satumbar 2024, bayan gargaɗin da ambaliyar 1994 ta yi. Duk lokacin da haka ta auku sai a ce ƙaddara ce. Mun yi imani da ƙaddara, amma ba ta wanke wanda aka ba shi amana ya yi sakaci.

Tun 2013 kamfanin 'yan kasuwa ne ke tafiyar da tashar, amma madatsar mallakar al'umma ce. Saboda haka muna kira da a riƙa sa injiniyoyi masu zaman kansu su binciki ganuwar da ƙofofin, a kuma bayyana wa jama'a sakamakon. Kafin a saki ruwa, a sanar da kwanaki, ta rediyo da bakin hakimai da limamai, cikin Hausa da Nupanci da sauran harsunan mutanen gaɓa. Manomin da ya ji da wuri zai kwashe iyalinsa da hatsinsa.

Rigakafi ya fi magani. Allah Ya kiyaye mu, amin.