Abuja Ta Ce Gwamnoni, Gwamnoni Sun Ce Abuja

Tun farkon shekarun 1980 aka kafa cibiyar binciken makamashi a jami'ar Sakkwato, wadda yau ake kira Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Masananta sun ƙera murhun girki mai aiki da hasken rana, da na'urar busar da amfanin gona, da murhu mai tsimin itace. To, a kasuwar wane gari aka taɓa ganinsu jibge kamar janareto ɗan Sin?

Laifin ba na masanan ba ne. Cibiyar tana ƙarƙashin Hukumar Makamashi ta Nijeriya, don haka gwamnonin yankin sun ɗauke ta kayan Abuja, ita kuwa Abuja da ta biya albashi sai ta kakkaɓe hannu. Bincike kuma ba ya tsayawa a albashi: sai an gwada na'ura a ƙauye, ta lalace, a gyara, a koya wa maƙera. Wannan ɗawainiyar, wadda jiha ce ta fi kusa da ita, ita ce babu mai ɗauka.

A da gwamnoni na da uzuri, wai tsarin mulki ya ɗaure musu hannu kan lantarki. A 2023 an gyara tsarin mulkin, aka kuma sa hannu a sabuwar dokar lantarki da ta ba jihohi damar samar da wuta da rarraba ta. A shekarar ce aka janye tallafin man fetur, kason jihohi ya ƙaru. Uzurin ya ƙare. Amma gadar sama ta fi daɗin ƙaddamarwa.

Masu cewa a bar wa tarayya komai su leƙa Lambar Rimi a Katsina. Aikin lantarkin iska na megawat 10 da jiha ta faro, tarayya ta karɓa, ya fi shekara 10 yana jan ƙafa.

Mu da ke tsallaken iyaka abin ya shafe mu. Da Nijeriya ta yanke wa Nijar wuta a Agustan 2023, Yamai ta ɗanɗana duhu, alhali a nan Abdou Moumouni ya yi shekaru yana jagorantar binciken hasken rana a ONERSOL. Ƙurar hunturun da ke rufe farantan sola a Illela ita ce ke rufe su a Birnin Konni.

Abin nema a fili yake: kowace naira da jiha ta zuba a bincike, tarayya ta ɗora irinta, da sharaɗin a ga na'urar tana aiki a asibitin karkara ko a fadama kafin a saki kaso na gaba. Sakkwato, Kebbi da Zamfara su fara, tunda cibiyar a ƙofar gidansu take.