Zancen tafiya: Ikko, gonar da ta zama birni

A aji, ɗalibaina sun sha tambayata labarin Ikko, don kowace rani samarinmu na Magarya da Dungas suna tafiya can. Bara na raka wana da ya kai raguna. Ga abin da na gani.

Mun loda a kasuwar Maigatari ran Alhamis. Daga Kano zuwa Ikko wajen kilomita 1000 ne. Mun tsallaka Kwara a gadar Jaba. Rago biyu suka mace a mota saboda matsi. Wanda zai kai dabba, kar ya yarda a cika mota fiye da kima don sauƙin kuɗi.

Ikko tana bakin teku. Ruwa ne ba iyaka, amma gishiri gare shi, ko dabba ba ta sha. Ruwan sha saye ake yi.

Abin da ya fi ba ni mamaki, garin nan da gona ya fara. Da Yarabanci "oko" shi ne gona, kuma da yawansu suna cewa nan sunan Eko ya fito. Fadar sarkinsu ma, an ce gonar barkono ce a da. Unguwar Agege, inda muka sauka, gonakin goro da koko ne. Goron ya jawo Hausawa suka kafa zango, balle da jirgin ƙasa ya haɗa Ikko da Kano a 1912. Yau ban ga gonar goro ko ɗaya ba a wurin, sai gidaje da kwalta. Babbar mahautar da ake yanka dabbobinmu sunanta Oko-Oba, wato gonar sarki. An mai da babban birnin Najeriya Abuja a 1991, amma Ikko ba ta daina cika ba.

To, garin da ya cinye gonakinsa me zai ci? Sai namu. Je kasuwar Mile 12 da asuba, ka ga albasa da tumatir da wake na sauka daga arewa, mota bayan mota. Hausa kake ji ko'ina.

Baƙo ya fara gaida sarkin Hausawan unguwa, ya nemi mai masauki sananne. Ya riƙe katin shaidarsa a jika. Mai niyyar kabu-kabu ya sani tun 2022 aka hana shi a unguwanni da dama, ana kama babur. Wanda ya iya karatu ya rubuta kuɗin kowane rago da kansa, kar ya bar wa dillali. Ni na rubuta wa wana, muka gano jika da yawa da suka so ɓacewa.

Ruwan sama yana riga sauka can tun watan huɗu. Da ka gan shi, fara ɗaura kaya, don shukarmu watan shida ce. Wata mai zuwa za mu yi maganar canjin naira da sefa.