Shawarar wata: Wace babbar mota ta dace da gida?

 

Wani magidanci daga unguwar Zariya ta birnin Maraɗi ya kawo mini tambaya. Su huɗu ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi yana sayar da hatsi a birni. Ƙanensa yana noman rani a Jiratawa. Na uku yana kiwo a bayan Tibiri. Autansu yana ci-rani, yana aiko da kuɗi. Iyalinsu sun haura mutum 30.

Da damana, naƙuda ta zo wa matar makiyayin da wuya, cikin dare. Babu mota a rugar. A amalanke aka ɗauko ta, ba su kai asibiti ba sai da asuba. Allah ya sa ita da jaririn sun rayu. Tun daga ranar suka ce sai sun haɗa kuɗi sun sayi babbar mota, irin wadda muke kira kat-kat. Sai gardama ta tashi. Wannan ya ce Land Cruiser, wancan ya ce Highlander, ɗayan ya ce Hilux. Har an fara maganar sayar da gona ɗaya da shanu 6.

Ga amsar da na ba su. Na san akwai gidaje da yawa masu irin wannan tunani.

Manyan motocin nan kashi 3 ne.

Kashi na 1: Land Cruiser, Prado, Patrol da Pajero. Yawancinsu an ɗora jikinsu bisa ƙashin ƙarfe mai kauri. Cikinsu yana nesa da ƙasa. Suna da ƙaramar giya ta musamman domin rairayi da laka. Da yawansu suna ɗaukar mutum 7 ko fiye. Amma suna da tsada, kuma suna shan mai. Ku sani kamfanin Mitsubishi ya daina ƙera Pajero a 2021, don haka sai mai saye ya bincika maganar kayan gyaranta da kyau.

Kashi na 2: Highlander da ƴan uwanta. An fara yin ta a shekarar 2000. Ginin ƙaramar mota gare ta, an dai ƙara mata girma. Tana da daɗin zama, kuma ba ta kai Land Cruiser shan mai ba. Amma ba ta da ƙaramar giyar nan. Wasu ma ƙafafun gaba kaɗai ke jan su. Motar kwalta ce.

Kashi na 3: Hilux mai ƙofa 4. Mutum 5 a ciki, kaya a baya. Ita ce ta gaji 404 mai buɗaɗɗen baya da dattawanmu suka sani. Nauyin da aka ƙayyade mata kusan tan 1 ne, wato buhu 10 masu kilo 100, har da nauyin mutanen ciki. Wanda ya ɗora mata buhu 20 yana kashe ta ne da hannunsa.

Kafin a zaɓa, a zauna a amsa tambayoyi 4.

Tambaya ta 1: wace hanya motar za ta bi? Daga Maraɗi zuwa Tibiri, ko Gidan Rumji, ko Ɗan Isa, kwalta ce. Kowace mota mai lafiya tana zuwa. Amma daga kwalta zuwa ruga ko gona fa? Da rani rairayi, da damana laka, musamman a fadamar Gulbin Maraɗi. In motar za ta riƙa sauka daga kwalta kowane mako, a bar maganar Highlander.

Tambaya ta 2: mutane za ta fi ɗauka ko kaya? Dillali zai ce muku mota mai kujera 7 ce. Ku buɗe bayanta ku duba. Kujerun can baya na yara ne, babba ba ya iya miƙe ƙafa a ciki. In an tayar da su kuma, wurin kaya ya ƙare, ko buhu 2 ba ya shiga. Mai ɗaukar zogale da tattasai daga Jiratawa zuwa kasuwa, ko mai kai dussa da harawa ruga, ba kujera yake bukata ba.

Tambaya ta 3: wa zai sayi mai? Sayen doki ba wuya, ciyar da shi ne aiki. A watan Yuli na 2024 gwamnati ta sa litar esansi 499 F, wato dala 100 ba tamma 1, litar gazuwal kuma 618 F. Mu yi lissafi da wannan farashi. Daga Maraɗi zuwa Yamai kusan kilomita 660 ne, zuwa da dawowa 1320. Motar da ke shan lita 15 a kilomita 100 za ta sha kusan lita 200, wato jika 100. Mai shan lita 10 za ta sha lita 132, wato jika 66. Bambancin jika 34 ne a tafiya ɗaya. Kada a dogara ga man ruwa-ruwa. Da Najeriya ta cire tallafin mai a watan Mayu na 2023, arharsa ta tafi. Ko da muna da matatar SORAZ a Damagaram tun 2011, mun ga dogayen layuka a gidajen mai a watan Maris na 2025.

Tambaya ta 4: in ta lalace, wa zai gyara? Kafin a biya kuɗi, a zaga wurin masu sayar da kayan gyara a Maraɗi. A tambayi kuɗin taya, da batir, da birki, da famfon mai na irin motar. In an ce sai an aika Kano ko Lome, ku yi hattara. Tun da aka rufe iyakarmu da Benin a 2023, kaya da yawa suka koma biyowa ta Lome da Burkina Faso, hanya ta ƙara tsawo, kuɗi suka ƙaru. Sabbin motoci kuma cike suke da na'ura. Ba kowane makaniki ke da abin auna su ba. Tsohuwar mota da kowane gareji ya sani ta fi kyakkyawa da za ta yi wata 3 a ƙarƙashin bedi.

Ranar saye, ku tafi da makanikinku. Kada ku yarda da wanda dillali ya kawo. Dillali la'adarsa yake nema.

A je da safe, a tayar da injin yana sanyi. A dubi hayaƙi. Shuɗi yana nufin injin yana cin baƙin mai. Fari mai kauri da ba ya ɗaukewa yana nufin ruwa yana shiga injin.

A leƙa ƙarƙashi. A nemi tsatsa, da walda, da yoyon mai. Motocin ƙasashen sanyi suna zuwa da tsatsa, domin can ana zuba gishiri bisa hanya saboda ƙanƙara.

A dubi lambar tafiya. Motar da ta fito daga Amurka da mil take ƙirga, ba da kilomita ba. Mil 1 kilomita 1,6 ne. In kun ga 150.000, to kilomita 240.000 ta yi.

A dubi taya. Akwai lamba 4 a gefenta. In an rubuta 2319, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2019. Tsohuwar taya tana fashewa da zafin bazara ko da zanenta bai goge ba.

A shiga rairayi da ita, a sa giyar ƙafa 4, a ga ko tana aiki.

Sai takardu. Ga inda karatunku zai yi muku rana. Kusan kowace mota tana da lamba mai haruffa da alƙaluma 17 a jikinta. Ku karanta ta da kanku, ɗaya bayan ɗaya, ku gwada da wadda ke cikin kartigiris da takardar duwan. In harafi ɗaya ya saɓa, ku riƙe kuɗinku. Bayan saye akwai asiransi, da binyet, da bizit, kuma direba sai da permi. A sa kuɗinsu cikin lissafi tun farko.

Abu na ƙarshe ya fi duka. Motar gida tana haɗa zumunta, tana kuma raba ta. Ku sami littafi. Ku rubuta abin da kowa ya zuba, da sunan da za a sa a takarda, da wanda zai riƙe makulli, da yadda za a biya mai da gyara. Kowa ya sa hannu gaban shaidu 2. Ku rubuta kuma cewa mara lafiya da mai naƙuda su ne gaba da biki da kasuwa.

Su ƴan uwan nan, na ce musu Hilux ta fi dacewa da su. Tana kai wa ruga, tana ɗaukar kayan lambu, tana iya samo kuɗin manta ranar kasuwa. Na kuma ce kada su taɓa gonar, kada su sayar da shanun da ke haihuwa. Saniya tana ƙaruwa kowace shekara, mota kuwa raguwa take yi. In kuɗin bai kai ba, su jira kaka. Kafin nan, su yi magana da mai mota a ƙauye mafi kusa, su rubuta lambar wayarsa a bangon ɗaki, su ajiye kuɗin mai domin dare. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Wanda ya karanta wannan, ya karanta wa maƙwabcinsa. Allah ya ba mu damana mai albarka, ya tsare mu a kan hanya. Sai wata mai zuwa.