Almakashi, Gam da Tsohuwar Kalanda



Akwai wata magana da ke yawan fita daga bakin manya, yanzu har yara 'yan shekara tara sun koye ta: "Ni ban iya zane ba." Da zarar yaro ya faɗe ta, to ya ajiye fensir ke nan, wataƙila har abada. Mu kuma iyaye ba ma damuwa, don a ganinmu fasaha baiwa ce da ake haihuwar mutum da ita, wanda bai samu ba sai ya rungumi lissafi. A wannan makon ina so mu leƙa aikin wasu masu fasaha da duniya ke ji da su a yau, waɗanda babban makaminsu almakashi ne da gam. Turawa na kiran aikin nasu kolaj, daga kalmar Faransanci mai nufin liƙawa. Mu ce masa yanka-da-liƙa: a yanko takarda, hoto, ƙyalle ko bayan kwali, a jera su a kan wani fage, a liƙe, su tashi da ma'anar da babu ita a cikin kowane yanki shi kaɗai.

A tarihin zanen Turai ana danganta farkon abin da shekarar 1912, lokacin da Picasso da abokinsa Braque suka fara liƙa takardu da ledar tebur a cikin zanensu a Faransa. Wannan tarihinsu ne, ba zan tsaya a kansa ba. Wadda nake so mu daɗe a wurinta 'yar ƙasarmu ce.

Sunanta Njideka Akunyili Crosby. An haife ta a Enugu a 1983, kuma idan sunan tsakiyar ya yi muku kama da wanda kuka sani, ba ku yi kuskure ba: 'yar marigayiya Farfesa Dora Akunyili ce, wadda ta shugabanci hukumar NAFDAC daga 2001 zuwa 2008 ta yi yaƙi da jabun magunguna. Njideka ta tafi Amurka tana da shekara 16, ta fara da karatun kimiyya kamar yadda gidansu na likitoci ya saba, daga baya ta karkata ga zane, ta yi digiri na biyu a jami'ar Yale a 2011. Yanzu tana zaune a Los Angeles.

Idan ka hangi aikinta daga nesa, abin da za ka gani ba wani abin mamaki ba ne. Falo ne ko ɗakin cin abinci, mace a zaune a kujera, tebur da kayan shayi, wani lokacin fitilar ƙwai a gefe, irin wadda kowane gida a Najeriya ya sani saboda halin wutar lantarkinmu. Sai ka matso kusa. A nan za ka tarar bangon ɗakin, da daɓen ƙasa, har da fatar hannun matar, duk cike suke da ƙananan hotuna ɗaruruwa: hotunan biki daga kundin gidansu, fuskokin mawaƙa da 'yan fim na Najeriya, shugabannin soja na da, shafukan mujallun kwalliya na Legas. Yadda take yi shi ne ta ɗauki hoton ta yi masa fotokofi, ta kifa shi a kan babbar takardar aikinta, ta shafa sinadarin asiton a bayansa ta goga da ƙarfi har tawadar ta koma kan takardar. Hoton yakan fito a juye, ya ɗan koɗe, kamar abin da mutum ke tunawa bayan shekara ashirin. Sannan ta bi da fenti da fensir mai launi. A wasu ayyukan tana liƙa ainihin atamfar da ake bugawa da fuskar mutum don biki ko kamfe ko makoki, ciki har da mai ɗauke da fuskar mahaifiyarta, wadda ta rasu a 2014.

A watan Maris na 2017 an yi gwanjon wani aikinta a Landan, hoton yayarta tana yarinya, aka saye shi sama da dala miliyan 3. A shekarar kuma ta samu kyautar MacArthur, ɗaya daga cikin manyan kyaututtukan da ake ba masu basira a Amurka. Na ambaci kuɗin ne don na san akwai maigidan da ba zai ci gaba da karatu ba sai ya ji adadi. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne inda ta samo kayan aikin. Tana zaune a ƙasar da ke da gidajen tarihi da ɗakunan zane iri-iri, duk da haka taskarta tsohon kundin hotunan gidansu ne da zanin anko. Abin da ke damunta, wato yadda mutum zai zauna a wata ƙasa ya auri ɗan can alhali rabin zuciyarsa na gida, shi ta zuba a takarda, da kayan da mu muke zubarwa idan an tashi sharar sallah.

Ku duba gidajenmu da wannan idon. Kalandar bikin da aka raba shekara goma da suka wuce, mai hoton ango da amarya, tana bayan ƙofa ta yi ƙura. Katin gayyatar ɗaurin aure, da takardar sakamakon jarrabawar firamare, da tikitin jirgi na hajjin Hajiya, da ragowar atamfar ankon sunan Auta. Akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gadon kaka ma kaɗai ya isa. Kuma kada wani ya ce mana jera abubuwa su ba da sha'awa baƙon abu ne a ƙasar Hausa. Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin amarya na da, ya ga jeren kwalla da tasoshi tun daga ƙasa har rufi, babba a ƙasa ƙarami a sama, launi na amsa launi, ya san iyayenmu mata sun san wannan ilimin tun kafin a ba shi suna da Faransanci. Haka telan unguwa da ke harhaɗa ƙyallayen da suka rage ya fitar da zanin gado.

Akwai kuma Deborah Roberts, baƙar fata 'yar birnin Austin a jihar Texas, wadda aka haifa a 1962. Ita yara take yi, yawanci 'yan mata baƙaƙe, a tsaye a kan farin fage babu komai a bayansu. Fuskar kowace yarinya haɗi ce: ido daga wannan hoton, baki daga wancan, hanci daga wani, hannu wani lokacin na babban mutum ne. Tana nuna yadda yarinya ke gina kamanninta daga abin da duniya ke jefo mata, da yadda ake yi wa yaran baƙar fata kallon manya tun ba su girma ba. Uwar da ta taɓa kama 'yarta 'yar shekara goma sha uku tana tambayar kuɗin man bilicin, ko tana tace hotonta a waya har fatar ta koma kamar madara, ba ta buƙatar a yi mata dogon bayani a kan wannan aikin. Roberts ta haura shekara hamsin kafin sunanta ya fito sosai. Na faɗi wannan ne saboda uwargidan da ke ganin lokacinta ya wuce.

Irin wannan jinkirin ya faru da Romare Bearden, wanda da yawa daga masu wannan fasahar a yau ke ɗauka a matsayin uba. Ma'aikacin jin daɗin jama'a ne a birnin New York shekara da shekaru, yana zane da dare da ƙarshen mako, bai rungumi almakashi gadan-gadan ba sai wajajen 1963, yana da shekara hamsin da ɗoriya. A 1971 ya yi wani aiki mai faifai shida, tsawonsa ƙafa 18, na layi guda a unguwar Harlem: shagon aski, coci, gidan shirya gawa, yara a bakin titi, kuma ya yanke bangon gidajen yadda za ka leƙa ka ga rayuwar cikinsu. A ganina wannan ne aikin da ya fi dacewa a nuna wa yaro. A ce masa: to ga nasa layin, ina naka? Ina mai shayi, ina mai faci, ina masallaci, ina gidan mai ƙosai?

Wangechi Mutu ta Kenya ma sananniya ce ƙwarai, tana yanko mujallun kwalliya da littattafan likitanci da hotunan sassan babur ta haɗa surar mata masu ban tsoro da ban sha'awa lokaci guda. Sai dai yawancin aikinta ba na idon yara ba ne, akwai tsiraici a ciki. Wanda zai nema a intanet ya fara dubawa shi kaɗai.

Na san akwai masu karatu da tuni suka fara shirya tambaya a kan hoton abu mai rai. Wannan fagen malamai ne, kowa ya bi abin da malaminsa ya karantar da shi. Abin da zan iya cewa shi ne wanda ya zaɓi kauce wa fuska bai rasa komai ba, don ga El Anatsui. Ɗan Ghana ne da aka haifa a 1944, ya zo koyarwa a Jami'ar Najeriya da ke Nsukka a 1975 ya shafe shekaru da dama a can. A ƙarshen shekarun 1990 ya tsinci buhun marafan kwalabe da aka yar, ya ajiye su a ɗakin aikinsa. Daga baya ya fara buɗe su yana daddaƙe su, a huda, a ɗinke da wayar tagulla, har su zama wani makeken mayafi mai ƙyalli da ke rufe bangon bene. Marafan na kwalaben giya ne, kuma da gangan ya riƙe su, domin giya na cikin hajar da Turawa suka riƙa kawowa gaɓar Afirka ta Yamma suna musaya da bayi. Ya kuma yi aiki da marafan gwangwanin madarar Peak, da tsofaffin magogin rogo. A 2015 aka ba shi lambar Zinariyar Zaki a baje kolin fasaha na birnin Venice, a 2023 kuma ya cika katafaren zauren Tate Modern a Landan. Masana za su ce nasa ba kolaj ba ne tsantsa, ya fi kusa da sassaƙa. Na yarda, amma hankalin ɗaya ne, kuma babu fuska ko guda a ciki.

Abin da na lura da shi a wurin dukkansu shi ne ba wanda ya zauna jiran ilhama ta sauko masa kamar ruwan sama. Tarawa suke fara yi. Su tara, su baje a ƙasa, su yi ta jujjuyawa, sai wani yanki ya faɗa kusa da wani, ido ya ce "tsaya nan". Farar takarda na tsorata mutum don tana neman ya ƙirƙiro daga babu. Tulin ƙyallaye kuwa zaɓi kawai yake nema, kuma ɗan shekara biyar ma ya iya cewa wannan ya fi wancan. Shi ya sa ba na son a buɗe wa yaro hoton aikin Njideka a ce ya kwaikwaya. Fitilarta da teburinta nata ne. Abin ɗauka a wurinta tambayar ce: me ke cikin gidanmu da in ya ɓace ba wanda zai sake sanin mu su wane ne?

Kayan aikin ba sa buƙatar zuwa kanti. Bayan kwalin taliya ko na sabulu ya isa fage. In babu gam, a jiƙa ƙaro a ruwan ɗumi ya kwana, ko a dama sitaci da ɗan kauri; a shafa kaɗan, don in ya yi yawa takarda na tattarewa. Ƙananan yara a bar su su yaga da hannu, bakin yagaggiyar takarda ma yana da nasa kyan, reza kuwa ta tsaya a hannun babba. Kada a liƙa komai sai an gama jerawa an tashi an dawo an sake kallo. Asiton ɗin Njideka ana samunsa a ruwan goge jan farce, kuma da fotokofi yake aiki, amma yana kama wuta yana kuma hawa kai, don haka ba na yara ba ne, babba ma sai a tsakar gida inda iska ke kaɗawa, nesa da murhu.

Abu biyu ne zan roƙa a kiyaye. Na farko, kafin a miƙa wa yara tsofaffin jaridu da kalandu, babba ya tace su, ya ware duk mai ɗauke da ayar Alƙur'ani ko sunan Allah, don yankakkun takardu a ƙasa suke ƙarewa. Na biyu, kada almakashi ya taɓa ainihin tsohon hoto. Hoton kaka na ranar aurenta guda ɗaya ne a duniya, mai hoton da ya ɗauka ya daɗe da rufe shago. A kai shagon fotokofi a yi kwafi uku ko huɗu, a mayar da na asalin cikin akwati. Hotunan da ke cikin waya su ma a zaɓi goma a wanko su, domin waya na faɗawa ruwa, ana sace ta, kuma yaran da aka haifa bayan 2010 da yawansu ba su da hoto ko ɗaya da za a riƙe a hannu.

Ranar da za a yi aikin, a zaunar da kaka ko gwaggo a kusa. Hoton da aka ɗauko za a ga mutum biyar a tsaye, yara su san biyu, uwa ta san uku, sauran sai tsohuwa. Abin da ta faɗa a rubuta a bayan kwalin: sunan kowa, garin da aka ɗauka, da shekarar in ta tuna, in ba ta tuna ba a rubuta abin da ta danganta da shi, ko shekarar canjin kuɗi ce ko zamanin wane sarki.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.