Furen da Bai Dace da Gidan Mai Yara Ba

Daga watan Agusta zuwa Satumba, bayan gidaje da bakin juji a Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa kan cika da tsiro, domin ruwan yankin ya fi na arewacin Kano yawa. A cikinsu akwai zaƙami, mai farin fure kamar kakaki da 'ya'ya masu ƙaya. Kyawunsa kan sa a ƙyale shi. Ra'ayina shi ne a tuge shi tun kafin 'ya'yansa su nuna; ba banza Bahaushe ya laƙaba masa haukata-yaro ba.

Ganyensa, furensa da ƙwayarsa duk guba ne. Yaron da ya ci zai bushe a baki, jikinsa ya yi zafi, baƙin idonsa ya buɗe, zuciyarsa ta yi ta bugawa da sauri, ya shiga sambatu. A nan ne iyaye ke ɓata lokaci, suna zaton iskoki ne. Kada a ɗura masa manja ko madara, kada a tilasta masa amai. A garzaya asibiti mafi kusa, tare da reshen tsiron domin likita ya gani.

Binidazugu na shinge ma abin lura ne, ƙwayarsa na haddasa amai da gudawa. Ruwan tumfafiya kuwa yana ƙona ido. In ya faɗa, a wanke da ruwa mai yawa nan take.

Mai son ƙamshi a tsakar gida ya dasa lalle. Shekara da shekaru zai yi ta fure, uwargida kuma ta sami na ƙunshi.