Manhajar da ke zuba umarni cikin IC ma tana buƙatar mai kula da ita

Duk ɗalibin da ya taɓa haɗa aikin Arduino, ko mai gyaran inbata da ya taɓa sauya ɗan guntun nan da ake kira IC, ya yi hulɗa da fayil mai ƙarewa da .hex, ko da bai sani ba. Shi ne ke ɗauke da umarnin da ake zubawa cikin guntun. Ra'ayina shi ne 'yan manhajojin da ke karanta irin wannan fayil da rubuta shi sun cancanci kulawa fiye da wadda suke samu.

Tsarin Intel HEX ya samo asali ne tun shekarun 1970, kuma kamfanin Intel ya fitar da takardar bayaninsa a 1988. Idan ka buɗe fayil ɗin, za ka ga layuka na lambobi 0 zuwa 9 da haruffa A zuwa F. Kowane layi yana farawa da ɗigo biyu, sai yawan bayanan da ke cikinsa, sai adireshin da za a ajiye su, sai nau'in layin, sai bayanan kansu, sannan lambar tantancewa da ke tona kuskure idan wani harafi ya lalace. Motorola ma tana da nata tsarin mai kama da wannan, wanda layukansa ke farawa da harafin S.

Sauƙin tsarin ne ke yaudarar mutane. Matashi zai iya rubuta manhajar karanta shi cikin yini guda, ya ga tana aiki, ya ce an gama. Amma adireshin da ke kowane layi ba ya wuce kilobayit 64. Don haka aka ƙara wasu layuka na musamman, nau'in 02 da 04, masu nuna cewa an shiga wani sashe na gaba. Guntun Arduino Uno kilobayit 32 kawai yake ɗauka, saboda haka manhajar da ta yi watsi da waɗannan layuka za ta yi shekaru ba a gane aibinta ba. Ranar da aka kawo mata babban fayil na Arduino Mega, mai kilobayit 256, sai ta zuba ƙarshen shirin a kan farkonsa. Na'ura ta ƙi tashi, mai gyara ya zargi IC, ya sayo wani, a banza.

Irin wannan aibi ne masu kula da manhaja ke kamawa. Suna karanta ƙorafin masu amfani, suna rubuta gwaje-gwaje, suna gyara ta idan tsarin kwamfuta ya sauya. Yawancinsu 'yan sa-kai ne. Manhajar SRecord, wadda ke juya fayil daga wani tsari zuwa wani, Peter Miller ɗan Ostireliya ne ya rubuta ta. Da ya rasu a 2014 sai wasu suka karɓi riƙonta. Da ba a samu magada ba fa?

Wani zai ce abin da ke aiki a ƙyale shi, tunda tsarin ya daɗe bai sauya ba. Gaskiya ne, amma guntayen da kwamfutocin suna sauyawa. Kuma barin manhaja a wuyan mutum ɗaya na da haɗari. A Maris ɗin 2024 aka gano ɓoyayyiyar ƙofar kutse a cikin manhajar xz, bayan wani ya shafe kusan shekara biyu yana neman amincewar mai kula da ita, wanda aiki ya yi wa yawa.

Kamfanonin da ke samun riba da AVRDUDE ko objcopy na GNU su ware wa ma'aikatansu lokaci, ko su ba da kuɗi. Malamanmu na jami'o'i da kwalejojin fasaha kuma su daina ɗaukar cewa aikin kammala karatu sai sabon abu. Ɗalibin da ya gano kuskure a tsohuwar manhaja, ya rubuta gwajin da ke nuna shi, ya tura gyara aka karɓa, ya koyi abin da masu ɗaukar aiki ke nema. A ba shi maki cikakke.